Firinta tana kunne, Linux ya ce bai gan ta ba: ina bakin zaren yake?

Wani abokina yana da shagon buga takardu a bakin ƙofar wata jami'a. Da kamfanin Microsoft ya janye tallafinsa daga Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, tsohuwar kwamfutar shagon ba ta cika sharuɗɗan hawa Windows 11 ba, sai ƙanensa ya ɗora masa Linux Mint, wani nau'in Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows. Rubutu lafiya lau, intanet lafiya lau, fayilolin ɗalibai suna buɗewa ba gardama. Firinta ce kawai ta ƙi. Lokacin kuma na miƙa furojet ne, benci cike da ɗalibai, kowa riƙe da filas yana jiran a buga masa.

Ya kira ni a waya. "Malam, don Allah zo ka cire mini wannan abin da yaron nan ya saka. Ga firinta a kunne, ga koriyar wuta ina kallon ta, amma kwamfuta ta ce babu ita."

Da na isa na tarar ƙanen ya kwana yana sauke direba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta iya magana da na'ura. Guda huɗu ya sauke daga shafuka daban-daban har data ta ƙare. Na buɗe tagar umarni, baƙin allon nan da mutane ke gudu, na rubuta lsusb. Jerin ya fito: ga maus, ga kibod, ga filas ɗin wata ɗaliba. Babu firinta. Na durƙusa na leƙa ƙarƙashin tebur, sai ga wayar firintar an yi mata jone da wata, an naɗe mahaɗar da salatif, ta bi gefen bango ta zagayo bayan kabad. Ƙa'idar USB ta biyu ba ta yarda waya ta wuce mita 5 ba, wannan kuwa ta wuce. Muka jawo firintar kusa, muka sa gajeriyar waya a kafar da ke bayan kwamfuta. Kafin na miƙe daga durƙuson, sanarwa ta bayyana a kusurwar allo cewa an ƙara sabuwar firinta.

An bar jaki ne ana dukan taiki. Kuma ba laifin yaron ba ne, don abin da Windows ya koya mana shekara da shekaru ke nan: in na'ura ta ƙi, nemo direba. A Linux wannan shi ne tambaya ta uku, ba ta farko ba. Kalmar nan "ba ta gani" da muke faɗa a dunƙule cututtuka ne daban-daban masu alama iri ɗaya, kuma wanda bai fara tantance wacce ce a gabansa ba zai yi ta sha wa ciwon ciki maganin ciwon kai.

Ɗauki firinta a matsayin baƙon da ya zo gidan wani babban mutum. Akwai mai gadi a bakin ƙofa, shi ke fara ganin wanda ya iso. Akwai sarkin gida a zaure, shi ke karɓar baƙo ya ba shi masauki ya tsara wanda zai gana da shi. In baƙon bai jin yaren gidan, sai an nemo tafinta. Mai gadi shi ne kanel, wato zuciyar Linux mai hulɗa da ƙarafan na'ura kai tsaye, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Helsinki. Sarkin gida shi ne CUPS, manhajar da ke kula da buga takardu a Linux. Tafinta kuma shi ne direba. Baƙon da ko mai gadi bai gan shi ba, tara masa tafinta goma a zaure ba ya amfana masa komai.

Don haka da mai gadi ake farawa, kuma tambayarsa ba ta cin ko sisi. Umarnin lsusb yana jero duk abin da ke jone ta USB, kowanne da lambobi biyu da ɗigo biyu a tsakani. Ta farko lambar kamfani ce, ta biyu ta samfurin. Na HP suna farawa da 03f0, na Canon 04a9, na Epson 04b8, na Brother 04f9, na Samsung 04e8. In ka ga lambar kamfanin firintarka a jerin, waya da kafa lafiyarsu lau, ka wuce gaba. In babu, tsaya nan, kada ka sauke komai.

Akwai abin da ya fi lsusb bayani. Zare wayar firintar, ka rubuta sudo dmesg -w (sudo ɗin shi ke ba umarni ikon mai kula da kwamfuta), sannan ka mayar da ita kana kallon allo. Wannan shi ne kanel yana faɗin abin da ke faruwa a bakin ƙofa daidai lokacin da yake faruwa. In komai daidai ne, za ka ga layuka sun sauko ɗauke da sunan kamfani da na samfurin, galibi har da layin da ke ambaton usblp0, wato usblp, sashen kanel mai kula da firintocin USB, ya kama ta. In ba abin da ya motsa ko kaɗan, to sigina ba ta isowa: ko waya ta tsinke a ciki, ko kafar ta mutu, ko ramin firintar ya saki. In kuwa layuka sun fito amma suna ƙarewa da error -71 ko error -110, kanel ya ji motsin baƙo, ya yi masa sallama, amsar ce ba ta fito sarai ba. Mafi yawan lokaci waya ce marar kyau, ko doguwa fiye da kima, ko ɗan akwatin nan mai raba kafa ɗaya zuwa huɗu, ko kuma kafofin gaban kwamfuta waɗanda ke kaiwa ga babban falangen lantarkin kwamfuta ta wata siririyar waya a ciki. Ƙurar hunturu ma tana da nata rabo. Ramin USB da ya shekara a buɗe a shagon bakin titi yakan cushe, ɗan busawa da goge bakin waya yakan wadatar.

Wata alamar kuma ita ce firinta ta bayyana ta ɓace, ta sake bayyana, musamman daidai lokacin da aka tura mata aiki. Wannan ina so masu shaguna su kula da ita, don a wajenmu tana yawan faruwa. Firintar laisa tana da wani ƙarfe mai zafi da ke narkar da tona, wato garin tawada, ya manna ta a jikin takarda, zafinsa yana dosar digiri 200 a ma'aunin Salsiyas. Lokacin da yake ɗumama yana zuƙar wuta da ƙarfi a bugu ɗaya. In ƙaramin janareta ne ke ɗauke da shagon, ko inbata mai ƙaramin ƙarfi, wutar takan yi ƙasa na ɗan ƙiftawar ido, ƙwaƙwalwar firintar ta sake tashi daga farko, kanel ya rubuta cewa an cire ta. Ba direban da zai gyara wannan. Shi ya sa ma masu ƙera ƙananan batiran ajiyar wuta na kwamfuta suke gargaɗin kada a jona musu firintar laisa.

Sai wani yanayi mai rikitarwa: lsusb ya nuna ta, amma ba a matsayin firinta ta shigo ba. Shahararren misali shi ne HP LaserJet P1102, wadda ta cika shagunan buga takardu. An ƙera ta da wani tsari mai suna Smart Install, inda da farko take gabatar da kanta a matsayin faifan sidi mai ɗauke da direban Windows. A Windows, direban yana shiga sai ya umarce ta ta koma firinta. A Linux ba wanda zai ba ta wannan umarni sai wata ƙaramar manhaja mai suna usb-modeswitch. Wanda ya yi zamani da modem ɗin intanet mai kama da filas ya san wannan hali, don su ma haka suke fara fitowa a matsayin faifai, kuma dominsu aka fara rubuta manhajar. In ka ga faifan da ba ka saka ba ya bayyana a kwamfuta daga jona firinta, ka duba ko usb-modeswitch yana ciki.

To, mai gadi ya gan ta. Saura zaure.

CUPS tsohon hannu ne. Michael Sweet ya fara rubuta shi a 1997, ya fito fili a 1999. Apple ya ɗauke shi ya sa a kwamfutocin Mac a 2002, sannan a 2007 ya saye shi ya ɗauki Sweet aiki. Bayan Sweet ya bar Apple a ƙarshen 2019, ragamar reshen da Linux ke amfani da shi ta koma hannun ƙungiyar OpenPrinting, wadda Till Kamppeter ke jagoranta. Amfanin sanin wannan tarihi shi ne ka gane cewa duk wata taga mai kyau ta "ƙara firinta" da kake gani a nau'ukan Linux irin su Ubuntu ko Mint ko Fedora fenti ne kawai a kan bango ɗaya. In tagar ta ce babu firinta, ka tsallake ta ka tambayi CUPS da kansa.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka buɗe birawuza ka rubuta localhost:631. Ba ya bukatar data, don shafin a cikin kwamfutarka yake. In ya buɗe, CUPS yana raye. In ya ƙi, rubuta systemctl status cups ka ga ko barci yake, ko kuma ba a ma shigar da shi ba, abin da yakan faru a nau'ukan Linux da aka rage musu kaya don tsofaffin kwamfutoci. Daga nan sai sudo lpinfo -v, wanda ke jero duk na'urorin da CUPS ke iya kaiwa gare su. Layin da kake nema yana farawa da direct usb, sai sunan firintar. In yana nan, sarkin gida ya karɓi baƙo. In kuma komai yana bayyana amma an hana ka ƙara firintar, ana ta neman kalmar sirri ana ƙin karɓa, matsalar izini ce. A dangin Debian, wato su Ubuntu da Mint, sai sunanka yana cikin rukunin lpadmin. Ana sa shi da sudo usermod -aG lpadmin sai sunan da kake shiga kwamfuta da shi, ka fita ka sake shiga. Ka kiyaye harafin a ɗin nan, in ka manta shi umarnin zai cire ka daga sauran rukunonin da kake ciki, har da wanda ke ba ka ikon sudo.

A nan zan yi wani gargaɗi da nake ganin ya fi duk umarnin da ke sama muhimmanci. Shawarwarin gyaran firinta da ke yawo a intanet da yawansu sun tsufa, kuma ba a rubuta musu ranar lalacewa. Akwai wadda ke cewa a toshe usblp gaba ɗaya. Ta yi amfani a wani zamani da CUPS da wannan sashe na kanel suke rigimar wa zai riƙe firinta. Yanzu CUPS ya iya karɓar ta ya mayar da kansa, kuma akwai direbobin da ba sa aiki sam sai da usblp ɗin. Mutum zai kwafi umarnin shekara goma sha biyar baya ya liƙa, ya ƙara wa kansa cuta ta biyu a kan ta farko, kuma bai rubuta abin da ya canza ba balle ya warware. Duk abin da za ka taɓa, ka taɓa guda ɗaya, ka gwada, ka rubuta shi a takarda.

Yanzu ne maganar tafinta ta taso, kuma nan ne tushen yawancin ɓacin rai.

Firinta ba hoto take karɓa kai tsaye ba, yare take ji. Tun shekarun 1980 akwai manyan yaruka biyu da kowa ya san ƙa'idarsu: PostScript na kamfanin Adobe da PCL na HP. Manyan firintocin ofis, irin waɗanda ake kawowa na hannu daga Turai, galibi suna jin ɗaya ko duka biyun, shi ya sa tsohuwar firintar ofis mai shekara ashirin takan yi aiki a Linux daga jonawa. Amma fahimtar waɗannan yaruka yana bukatar ƙwaƙwalwa a cikin firintar, ƙwaƙwalwa kuma kuɗi ce. Don a karya farashi, kamfanoni suka fito da firintocin da aka rage wa ƙwaƙwalwa, aka ɗora wa kwamfuta dukan aikin lissafa shafi, sannan ta tura shi cikin wani yare na sirri da kamfanin ne kaɗai ya sani. Su ne masu araha, su ne kuma suka cika kasuwanninmu. In kamfanin bai ga dama ya rubuta wa Linux tafinta ba, ko ya rubuta ya watsar, mai firinta ne ke kwana ciki.

Dubi HP LaserJet 1020 da 'yan'uwanta irin su 1018 da P1005. Waɗannan ko manhajar cikinsu ba sa riƙewa. Duk sanda aka kashe su suna mantawa, duk sanda aka kunna sai kwamfuta ta sake ɗura musu ita ta waya. Kafin a ɗura, lsusb zai nuna ta, CUPS zai karɓe ta, ka tura aiki allo ya ce an gama bugawa, amma takarda ko motsi ba ta yi ba. Wannan manhajar ciki mallakar HP ce, ba a yarda masu haɗa Linux su raba ta tare da tsarinsu ba, don haka sai kai ka sauko da ita. Hanya ɗaya ita ce ta HPLIP, kunshin da HP ke fitarwa don Linux, da umarnin hp-plugin -i, wanda ke bukatar intanet sau ɗaya. Ɗaya hanyar ita ce foo2zjs, direban da Rick Richardson ya rubuta bayan ya bi diddigin yaren firintar. In ɗurin ya yi, kunnenka ma zai gaya maka: jim kaɗan bayan kunna ta za ka ji injinta ya sake juyawa karo na biyu. A inda ake ɗauke wuta sau da yawa a rana, wannan ɗurin yana maimaituwa kowane dawowar wuta, don haka in ta yi shiru bayan an kawo wuta, kashe ta ka kunna bayan kwamfuta ta gama tashi.

Canon LBP2900, wata jarumar shagunan buga takardu, yarenta CAPT ne. Direban da Canon ya fitar mata yana tafe da wani ɗan aike mai suna ccpd wanda dole ya kasance a kunne, kuma ana nuna masa firintar ta adireshin /dev/usb/lp0. Ka ga wanda ya bi waccan tsohuwar shawara ya toshe usblp ya rushe wannan adireshi da hannunsa. Haka kuma in aka jona wata firintar kafin ita, sai ta koma lp1, ɗan aike ya yi ta ƙwanƙwasa ƙofar da ba kowa. Akwai masu sa kai da suka rubuta mata buɗaɗɗen direba mai suna captdriver, wanda ba ya bukatar wannan ɗan aike. Tsofaffin direbobin Brother da yawa an gina su ne don kwamfutoci masu bit 32, in aka sa su a mai bit 64 ba tare da ƙarin kayan tallafi ba sai aiki ya maƙale da saƙon Filter failed. Ga masu laisa baƙi da fari na Brother, brlaser yakan fitar da kai kunya. Na Samsung, wanda HP ya saye sashen firintocinsa a 2017, akwai splix. Epson masu tankin tawada da yawansu suna tafiya da printer-driver-escpr. Duk waɗannan buɗaɗɗun direbobi, ban da captdriver, a dangin Debian suna cikin ma'ajiyar manhajoji ta tsarin kansa. Can ya kamata a fara dubawa kafin a je shafukan da ba a san mai su ba.

Abin da ke taɓa ni a wannan batu shi ne, ita kanta tafiyar buɗaɗɗiyar manhaja daga rigimar firinta ta samo ɗaya daga cikin tushenta. Wajen 1980, ɗakin binciken da Richard Stallman ke aiki a jami'ar MIT ta Amurka ya samu sabuwar firintar laisa ta Xerox. Tsohuwar da suke da ita, Stallman ya gyara manhajarta yadda in takarda ta maƙale za ta aika wa masu jira saƙo, wani ya je ya cire. Sabuwar tana wani bene daban, tana maƙalewa, mutane suna zaune suna jiran aikin da ba zai fito ba. Ya nemi asalin rubutun manhajar don ya yi mata irin wancan gyara, aka hana shi, domin wanda ke da shi ya sa hannu a yarjejeniyar rufe baki. A 1983 ya shelanta aikin GNU, wanda kayansa ne aka haɗa da kanel ɗin Torvalds aka samu tsarin da muke kira Linux. Fiye da shekara arba'in ke nan, kuma mai shago da ke zaune gaban firintar da ya saya da guminsa, ba shi da ikon sanin yaren da take ji, yana cikin irin halin da Stallman ya shiga. Shi ya sa ba na jin daɗi in na ji an ce Linux ne bai iya firinta ba. Mutanen da suka zauna suka warware yaren sirrin na'urorin da ba su suka ƙera ba, ba tare da an biya su ba, sun cancanci a san wahalar da suka sha.

Alhamdu lillahi, wayar hannu ta kawo sauƙi ta inda ba a zata ba. Ba wanda zai sauke direba a waya don kowace firinta, don haka da Apple ya fito da AirPrint a 2010, sannan Mopria ta biyo baya don Android a 2013, sai kamfanoni suka ga dole firintocinsu su koyi yare ɗaya na kowa da kowa. Ginshiƙinsa shi ne IPP, ƙa'idar da CUPS ke magana da ita tun haihuwarsa. Firinta irin wannan da kanta take faɗin girman takardar da take ɗauka, ko tana buga launi, ko tana buga gaba da baya. Ba ta bukatar tafinta. Gwajin kuwa mai sauƙi ne: in wayarka tana iya bugawa a firintar ta Wi-Fi ba tare da ka sa manhajar kamfanin ba, Linux ma zai iya ba tare da direba ba. Masu kula da CUPS sun riga sun bayyana cewa nan suka dosa, tsohon tsarin direba kuma yana kan hanyar ritaya.

An kuma shimfiɗa wannan yare a kan wayar USB. Wata manhaja mai suna ipp-usb, wadda Debian ke sakawa da kanta tun fitowar Debian 11 a 2021, tana kama firintar da ke jone mai jin wannan yare ta mayar da ita tamkar tana kan netwok. In tana aiki, rubuta localhost:60000 a birawuza yakan buɗe shafin firintar. Sai dai nan ma akwai tarko, kuma ya kama mutane da yawa. Idan ipp-usb ya riƙe firintar, direban kamfani ba zai same ta ba. Mutum ya saba da sai an sa direba, ya je ya sauke ya saka, direban ya ce bai ga firinta ba, alhali tun tuni tsarin ya ƙara ta da kansa tana jiran aiki. Sarki biyu ba sa zama a gari ɗaya. Ko ka bar ipp-usb ka cire direban, wanda shi na fi ba da shawara, ko in akwai wani aiki na musamman da direban kaɗai ke yi, ka cire ipp-usb.

Firintar da ke kan Wi-Fi ko wayar netwok kuwa, lsusb ba ruwansa da ita. Ita shela take yi. Tana kiran sunanta a cikin netwok ta kafa mai lamba 5353, a Linux kuma mai sauraron shelar sunansa avahi-daemon. In yana kashe, ko katangar tsaron kwamfuta ta toshe wannan kafa, firinta za ta yi ta kira ba mai amsawa. Umarnin ippfind yana nuna waɗanda aka ji muryarsu. Amma kafin wannan, ka sa firintar ta buga shafin bayanin netwok ɗinta daga maɓallanta, ka karanta adireshinta, wani abu kamar 192.168.1.50, ka rubuta shi a birawuza. In shafinta ya buɗe, hanya a buɗe take, shelar ce kawai ba ta isowa, kuma kana iya ƙara ta da hannu: sudo lpadmin -p Ofis -E -v ipp://192.168.1.50/ipp/print -m everywhere. Tsofaffin da ba su san IPP na zamani ba galibi suna saurare a kafa ta 9100, ana ƙara su da adireshin da ke farawa da socket, sai a zaɓa musu direba. In shafin bai buɗe ba, ba gida ɗaya suke da kwamfutar ba. Wataƙila ɗaya tana kan netwok ɗin baƙi, wanda rauta, akwatin da ke raba Wi-Fi, ke hana na'urorinsa ganin juna da gangan. Wataƙila kuma firintar ba ta ma hau ba, don da yawansu zangon Wi-Fi na 2.4 GHz kawai suke kamawa, ba sa ganin na 5 GHz.

Akwai wani ofishi da na yi ta zarya a kansa. Firinta ta yi aiki yau, gobe ta ɓace, jibi ta dawo da kanta. Sakatariyar ta ce mini, "Malam, ni dai na lura duk ranar da aka ɗauke wuta da safe, ranar ba ma bugu." Maganarta ce ta warware matsalar. Rauta ce ke raba wa na'urori adireshi, kuma wasu rautocin in suka mutu suka tashi sai su sake rabo, wanda ya riga zuwa ya riga samu. Wayoyin ma'aikata sun fi firinta saurin hawa, sai ɗaya ta karɓe lambarta, kwamfuta kuma ta ci gaba da aika takardu tsohon adireshi. Muka shiga saitin rauta muka keɓe wa firintar lamba ɗaya ta dindindin. Ban sake komawa don wannan ba.

Abu na ƙarshe da ke kama da rashin gani alhali ba shi ba ne: layin jira ya tsaya. In aiki ya gamu da cikas, a wasu tsare-tsaren CUPS yakan dakatar da firintar gaba ɗaya, kuma ko an gyara cikas ɗin ba ya sakin ta da kansa. Umarnin lpstat -t zai nuna in an dakatar da ita da dalilin, cancel -a ya share ayyukan da suka taru, cupsenable da sunan firintar ya tashe ta. In dalilin bai fito sarai ba, cupsctl --debug-logging yana sa CUPS ya rubuta duk abin da ya yi dalla-dalla a /var/log/cups/error_log. Ka sake tura aikin, ka karanta layukan da ke farawa da harafin E. In za ka nemi taimakon wani, waɗannan layuka da lambar da lsusb ya ba ka su za ka kai masa. Da su zai gane a minti biyu abin da "ba ta gani" ba za ta gaya masa a yini guda ba.

Da abokin nan nawa ya tashi ƙara firinta ta biyu, ta hannu, mun tafi kasuwa da laftof mai Linux a jaka. Kafin mu fita mun duba sunayen samfura uku da yake so a ma'ajiyar bayanai ta OpenPrinting, wadda ke nuna yadda kowace firinta ke tafiya da Linux, ɗaya ta faɗi tun daga nan. A shagon, mai kaya ya ce, "Alhaji, wannan ai ba ta da matsala, ko ina tana yi." Muka ce to a ba mu soket. Muka jona ta farko, lsusb ya gan ta, lpinfo ya gan ta, amma shafin gwaji bai fito ba sai an sauko da ƙarin kaya daga intanet. Ta biyu tsohuwar firintar ofis ce mai jin PCL, ta fi nauyi, ta fi tsada da kaɗan, murfinta ma ya ɗan dafe. Muna jona ta shafin gwaji ya fito da ɗuminsa. Ita muka ɗora a bayan Keke Napep.